Mutumin da Ya Zauna Kan Ramin Gwano

Idan aka sallame sallar asuba a Kurfi, kowa fuskar ɗan'uwansa yake kallo ana gaisawa, ban da Hudu leburan daji. Shi ƙasa yake kallo. Ya rataya gora, ya saɓa fartanya, ya kama hanyar gandun daji a duƙe kamar wanda allurarsa ta faɗi. Can sai ka ga ya tsuguna, ya ɗauko wani ɗan ƙwaro a kan tsinke, ya juya shi, ya sansana, ya mayar da shi inda ya ɗauko. Haka yake tun kafin mulkin kai, haka yake har bana da gwiwa ta sa ya ajiye aiki. Shi za mu jinjina wa yau. Sai dai ba bakin masoyansa za mu bi ba. Bakin Rabo za mu bi, mutumin da ya fi kowa jin haushinsa a ƙasar nan.

Rabo ya girmi Hudu, ya kuma riga shi shiga aikin daji. Shi ya nuna masa yadda ake haƙa ramin dashe. Kuma Rabo ma'aikaci ne, kada wani ya gaya maka ba haka ba. Ga tsabta kamar me! Duk inda zai yi dashe sai ya share fes, ya bi kowane ramin ƙwaro ya ɗura masa toka mai zafi, ya cusa kara ya kunna. A wurinsa duk wani baƙin abu mai tafiya a layi tururuwa ne, tururuwa kuwa ɓarauniya ce, shi ke nan.

Hudu bai yarda ba. "Yaya Rabo, ba duka suka zama ɗaya ba," in ji shi. "Wadda ka ga ta share ƙofar gidanta ta tara ƙaiƙayi, ita ce tururuwa, iri take kwashewa. Wannan ɗan ƙaramin mai cizo kamar wuta cinnaka ne. Shazumami zaƙi yake bi. Shi kuwa wannan ƙaton mai wari, gwano ke nan, bai taɓa ɗaukar ƙwayar kowa ba."

"To, Malam, mun ji karatu," in ji Rabo. "Ɗauki fartanyarka."

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma sai labari ya bazu. Mai shirin gina rumbu daga Wurma ya zo ya ɗauki Hudu ya duba masa wuri. Fulani suka riƙa tare shi a bakin rafi suna tambaya ko akwai kwarkwasa a inda za su kafa ruga, don ita in ta shigo cikin ayari ba ta barin ɗan maraƙi ya kwanta. Ƴan kasuwa suka laƙaba masa Sarkin Tururuwa. Duk ranar da Rabo ya ji wannan suna, tuwo ba ya wuce masa. Haba! Yaron da ya koya wa riƙon fartanya? Shi da ya yi shekaru yana dashe ba wanda ya taɓa ce masa ko Madawakin Kuka, amma don mutum ya iya sansanar ƙwaro sai a ba shi sarauta? Har matarsa Fatu, ran da kiyashi ya cika mata ƙwaryar mai, ta ce, "Malam, ko za ka tambayo mana Hudu?" Ranar bai ci abincin gidan ba.

Sai ofishin daji na Dutsin-Ma ya ba da aikin dasa bedi, wato itacen dogon yaro, a gefen hanya. Malam Tukur, malamin daji, ya raba: Hudu ta wajen ƙauyen Tamawa, Rabo daga bakin gari. Damina ta wuce, na Hudu suka miƙe, na Rabo gara ta cinye saiwarsu, sai ka taɓa itace ya faɗo hannunka. Aka sake dasawa, aka sake yi. Rabo ya rantse asiri ne. Malam Tukur kuwa ba ruwansa da asiri. Ya ce, "Rabo, ina ganin girmanka, amma ni ma ana tambayata. In na bana suka mutu, sai dai ka ajiye fartanya." Rabo ba shi da gonar kirki, ga iyali. Aikin nan shi ne abincin gidansa.

Saboda haka ya ƙara ƙaimi a kan abin da ya sani. Da ruwan farko ya sauka, ya tara kara ya shiga bin ramuka. Yana tsaye kan wani ramin gwano a gindin tsohon kututture, wuta a hannu, sai ga Hudu ya baro nasa aikin a guje. Ya tattare riga ya zauna daram a kan ramin.

"Tashi!" in ji Rabo.

"Yaya, sai dai ka haɗa da ni."

"Ka zo ka ga ƙarshena ne, ko? To wallahi tashi!"

Shi gwano bai san mai cetonsa ba. Suka fito suka hau mutumin nan da harbi, ta ƙafar wando, ta ƙugu. Masu wucewa kasuwa sun gani, har yau suna faɗi: gumi na zuba, hawaye na zuba, Hudu na cije leɓe, bai motsa ba sai da karan ya cinye ya ƙona wa Rabo yatsa ya yar. Sannan ya miƙe yana karkaɗe jiki ya ce, "Don girman Allah, Yaya, ka ba ni zuwa hantsi. In ban nuna maka komai ba, ni zan kawo maka wutar."

Suka zauna suna jira. Da ƙura ta lafa, sai ga gwano sun fito a jere, ɗaya a gaba, suka miƙe cikin ciyawa. Mutanen biyu suka bi su a duƙe, babba da babba, har gindin wani mataccen bedi na Rabo. Nan suka fasa rufin ƙasar da gara ta yi, suka afka. Da suka juyo, kowane ɗaya da gara cike da baki.

"Ga masu gadinka nan," in ji Hudu. "Su kake ƙonewa duk shekara."

Rabo ya daɗe yana kallo. Abin da ya ji a ransa ba godiya ba ce, kada mu yi masa ƙarya. Baƙin ciki ne ya tokare shi, na cewa yaron nan dai shi ke da gaskiya.

Daminar nan Hudu ya riƙa zuwa da kumburarriyar ƙafa yana nuna masa ramin da za a bari da wanda za a tone. Bedi suka kama. Malam Tukur ya zo ya yaba wa Rabo a gaban jama'a, Hudu na gefe yana kallon ƙasa. Yau itatuwan sun yi inuwa, masu jakuna na hutawa a ƙarƙashinsu, kuma sunan wurin Bedin Rabo. Rabo ya yi shekara da shekaru yana jira Hudu ya yi gori ko sau ɗaya, don ya samu abin kamawa su yi ta ta ƙare. Shiru. "Wannan shirun nashi," in ji Rabo, "ya fi harbin gwano ciwo."

Hudu, kai ne ka ɗauki abin da kowa ke takawa ka san shi da suna. Kai ne ka ba da jikinka don abincin gidan mutumin da ba ya amsa gaisuwarka da daɗi, ka kuma bar masa sunan. Mai ido a ƙasa, mun gode. Allah Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya saka maka da alheri. Ku kuma matasan da ke shiga aikin daji yanzu, ku je ku zauna da shi tun yana iya nuna muku. Ku koyi duƙawa ku duba kafin ku kunna wuta.

Da za a rubuta wannan jinjina, an sami Rabo a inuwar bedin nan aka tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ɗaga kai ya dubi ganyen, ya ja tsaki.

"Ku rubuta na gode mashi," ya ce. "Ƴaƴana sun ci abinci saboda shi. Amma kada wanda ya rubuta na huce."