Shekarar da Muka Dake Irin Baba

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Lawali. Duk lokacin da na ji 'yan rap na yanzu a rediyo suna gardamar wanda ya fara wannan waƙa a ƙasar nan, dariya nake yi. Ban ce Lawali ne ba. Abin da na sani shi ne, a duk Damargu babu gidan da rap ya ci wa gero kamar gidanmu.

Ƙauyenmu yana kusa da Tanut. A farkon shekarun 1980 Lawali yana koleji a Damagaram, karatu bai karɓe shi ba, aka sallamo shi. Ya dawo da rediyo mai cin kaset, da kaset guda da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ba shi. A ciki wasu baƙaƙen Amurka ne ke zuba magana ba numfashi bisa kiɗa. Inna ta saurara, ta tambaya ko faɗa suke yi. Lawali bai jin ko kalma ɗaya, amma cikin mako biyu ya fara nasa da Hausa: jakin maƙwabci, rowar mai shayin tasha, da yadda aka koro shi daga lakwal, wato makarantar boko. Ba mu san sunan abin ba, sai muka sa masa surutun Lawali.

Kiɗa ne ya gagare shi. Mu manoma ne, Baba kuma ya riga ya ce ganga ba ta shiga gidansa. Makaɗan gari su ma suka ce ba sa bin mawaƙin da ba ya tsayawa a amsa masa. Wata safiya ina surfe da Hadiza 'yar baffanmu, muna lugude, muna cilla taɓarya muna tafi, sai ga Lawali tsaye baki buɗe. "Yaya, don Allah kada ki tsaya!" Ya hau surutunsa bisa dakanmu, abin kuwa ya zauna daram. Daga ranar na zama makaɗiyarsa.

Sai dai lugude ba ya daɗi sai da tsaba a turmi, da ta fara zama gari sauti ya mutu. Turmi kuma ba a dakansa wofi, tsagewa yake yi. Ɗaukar kaset kuwa ba ta yiwuwa a karo ɗaya: yau akuya ta yi kuka, gobe Inna ta ƙwala mini kira ana tsaka da ɗauka, jibi pil, wato batir, ya mutu. Kowane kuskure sai an zuba sabon gero.

A lokacin Baba ya tafi cin rani Kano. Ya auna wa Inna abincin gida, ya liƙe babban rumbu. Akwai wani ƙarami a bayan gida inda yake ajiye iri, zangarniyar da ya zaɓa da hannunsa tun a gona, irin da ya gada wurin kakanmu. Lawali ɗan lakwal ne, a wurinsa gero gero ne. Ya shiga jido shi dami-dami, ya ce wa Inna kyautar direbobi ce. Bari in faɗi gaskiya yau, tunda masu dukana duk sun riga mu gidan gaskiya: tun zangarniyar farko na gane. Amma ya yi mini alkawarin zai ambaci sunana a kaset, sai na ja bakina na ci gaba da sussuka. A ranin nan unguwarmu ta sha fura har ta ƙoshi.

Baba ya dawo damina ta kusa. Ya leƙa ƙaramin rumbu, ya daɗe kansa na ciki. Ya kira Lawali ya ce, "Ina irina?" Lawali, Allah ya jiƙansa, sai ya danna masa kaset. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, na ji inda ya shiga. Kafin ruwan shuka ka maido mini iri, ba geron kasuwa ba. In ruwa ya riga ka, ka nemi wani gida." Ranar ban iya cin tuwo ba, don mu goma sha ɗaya ne ke ci daga gonar nan.

Washegari ya ɗora rediyo kan jaki ya nufi kasuwar Gangara. Yana zuwa pil ya mutu, ya roƙi mata masu fura su yi masa lugude. Ladansa ba kuɗi ba ne, zangarniyar iri ce. Manomi ba ya rabuwa da irinsa da sauƙi, amma Lawali sai ya tambayi sunan mutum da na ubansa da inda gonarsa take, nan take ya jera su cikin surutu. Wanda ya bayar ya ji kansa ya yi girma, wanda ya hana ya ji kansa kusa da mai shayin tasha. A Ollelewa wani tsoho ya ba shi rabin dami bisa sharaɗin ya wuce gari na gaba. Ya dawo gida hadari na haɗuwa, jaki na nishi.

Iri na gari bakwai muka shuka a gona ɗaya. Da ya fito, wani dogo, wani gajere, wani ya fid da kai wani ko niyya bai yi ba. Mutane har ratse suke yi su zo kallo. Baba ya tsaya bakin gona ya dubi Lawali ya ce, "Har gonar ta ɗauki bakinka." Sai ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Dogayen suka ƙone a tsaye, gajerun nan masu gaggawa suka nuna. Ba mu samu da yawa ba, amma ba mu bar gida ba kamar yadda maƙwabta da dama suka bari. Baba bai taɓa cewa ya gode ba. Ranar kasuwa dai ya ajiye pil huɗu kan tabarmar Lawali, ya wuce masallaci.

Daga nan abin ya buɗe masa. Direbobi suka yi ta kwafar kaset, aka fara kiransa bukukuwa har Damagaram, samari suna gasar haddace zancensa. Yana ganiyar tashe sanƙarau ya ɗauke shi, bai cika talatin ba.

Da zai leƙo yau ya ga yaro na fitar da kiɗa daga waya ba tare da ya taɓa rumbun kowa ba, na san zai ce an yi musu sauƙi da yawa. Zai kuma yi fushi da injin niƙa, wanda ya kashe masa makaɗa. Ni kuwa ina da ƙorafina: ya cika alkawari, ya ambaci sunana, amma daidai wurin akuyar nan ta yi kuka, kuma babu sauran geron da za a sake ɗauka.

Kaset ɗin ma rediyo ya cinye shi tuntuni, na direbobi kuma duk sun salwanta. Babu hotonsa, babu muryarsa, kuma ina kewarsa har yau. Irin nan ne ya rage. 'Ya'yan 'yan'uwana suna shuka shi, gonar har yanzu ba ta fitowa daidai, a ƙauye kuma ɗan Lawali ake ce masa. Kowace kaka suna aiko mini da tiya guda. Ba na kai shi inji. Da kaina nake dakawa, da waɗannan tsofaffin hannuwa, in na zo inda yake shigowa sai in ɗan sassauta taɓarya in ba shi wuri.