Kaftanin da Na Ɗinka da Awon Kowa

Shekarar da rusau ta bi ta layinmu a Mpape, shagon ɗinkina ya tafi har da keken da ke ciki. Littafin awo kawai ya tsira, don a gida ya kwana. Na koma ɗinki a gindin mangwaro da keken wani maƙwabci, ga 'ya'ya huɗu.

Ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Abuja tana da asusun taimako. Shugabanta babban ma'aikacin gwamnati ne, dogo, ga tumbi, kuma shekara da shekaru ni nake masa ɗinki. Na je falonsa na durƙusa, na ce keke kawai nake roƙo.

Ya gyara zaman tabarau ya hau yi mini lacca. Wai in aka tara abin da duk mutanen Abuja suke samu a shekara, aka raba kan kowane mutum, mun fi mutanen gida nesa ba kusa ba. Don haka can ƙauye asusun zai tafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ina nawa kason? Wa yake riƙe mini shi?"

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Oga tela, lissafi ne. Ba za ka gane ba."

Wallahi a ranar na tsane shi, kuma na ci alwashin sai ya san na gane.

Bayan wata biyar direbansa ya kawo shadda mai tsada, za a ɗaura wa babban ɗansa aure, wai in ɗinka wa shi uban ango kaftani da wando, ai awonsa yana wurina. Na buɗe littafina. Na tara tsawon duk mazan da ke ciki, masu fasa dutse, 'yan acaɓa, har da wani ɗan guntun tsoho mai goro, na raba kan kowane mutum. Haka na yi wa kafaɗa da hannu da ciki da wando. Ban taɓa zuba wa wuyan riga aiki irin wannan ba. Sai na riƙe kayan har safiyar ɗaurin aure, halin teloli ai ba baƙo ba ne.

Da kaina na kai. Ya fito daga ɗaki, riga ta ɗame tumbi kamar fatar ganga, wando ya tsaya a ƙwauri.

"Kai! Wannan awon wa ka yi mini?"

"Awon kowa ne, ranka ya daɗe. Na tara na raba. A lissafi ta yi maka cif."

Da tsohuwar riga ya tafi ɗaurin auren. Ya hana abokansa kawo mini ɗinki, na ƙara shekara biyu a gindin mangwaron nan. Matata ta ce kaina na cuta, kuma gaskiyarta ne. Amma har yau ban ba shi haƙuri ba. Duk ranar da na tuna ƙwaurin nan a waje, sai na ƙara tuwo.