Mashin Baba a Tsallaken Rafi

Babana manomi ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka maharbi ne, ko da yake tun ina firamare ban ga ya kawo naman da ya fi gafiya girma ba. Gonarsa tana kan hanyar Gitata, wani rafi ya raba ta da jeji. A can yake da ɗakin laka da rumbu, da wani mashi da ya gada wurin kakanmu, wanda yake korar birai da shi in masara ta nuna.

Ba da hannu kawai yake jifa ba. Yana da wata igiyar rama da ya tufka da kansa, ba ta wuce tsawon hannu ba. Ba ya ɗaure ta. Naɗa ta yake yi a jikin sandar mashin, daidai inda nauyin gaba da na baya suka zo ɗaya, ya bar ɗan zarge a ƙarshe ya zura yatsu biyu. In ya wurga, tafinsa ya saki sandar amma yatsun suna nan suna jan igiyar, ita tana warwarewa, mashin yana juyawa a sama kamar mazari. Sai ka ga ya lula inda hannu kaɗai ba zai taɓa kai shi ba, igiyar kuma ta rage tana lilo a yatsunsa.

Muna yara, ni da yayana, rigima muke yi a kan wa zai je ya ɗauko. Bai taɓa barin kowa ba. Ya ce haka ya tarar a gidansu, wanda ya jefa shi yake bin mashinsa. Ko ƙaya ce, ko ruwa, sai ya naɗe wando ya tafi da ƙafarsa, mu kuma mu tsaya muna zumɓura baki.

Bayan rasuwar Inna ya ƙi dawowa gari. Yayana yana aiki a Abuja, ni ina koyarwa a Keffi, gidana a unguwar Yara, da ɗaki a share ina jiransa. Hawan jini ya kama shi, ƙafafunsa suka fara kumburi. Wata rana wata mai tallar nono ta tsince shi kwance a tsakanin kunyoyin doya, rana ta gasa shi. Da labarin ya iso ni na hau babur na tafi a fusace. Ni dama ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani.

Na ce, "Baba, so kake a kira ni a ce an tsinci gawarka a kunya?"

Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, zauna ki sha ruwa, kin shigo kamar za ki kama ɓarawo." Da na ƙi zama sai ya nuna rafin da haɓa. "Ga magana ɗaya. Duk shekara bayan an cire masara ki zo. Zan tsaya a gindin ɗorawar nan in jefa. Ranar da mashina ya kasa tsallake ruwan can, ki zo da mota, ba zan yi miki gardama ba."

Na yarda, don na ga yadda kafaɗarsa ta sauka, na ce a raina kwana nawa ne. Ashe ban san igiyar nan ba. Shekara ta zagayo na je, mashi ya tsallake. Wata ta sake zagayowa, ya tsallake. Na lura igiyar tana ƙara tsawo, yana kuma ta gyara mata wurin naɗi, har ya fere sandar ta zama siririya. Na ce, "Baba, wannan ai ha'inci ne." Ya yi dariya har da tari, ya ce a yarjejeniyarmu ba a yi maganar igiya ba, in ina da ƙorafi in kai wa mai unguwa. Haushi ya hana ni cin dafaffiyar gyaɗar da ya ajiye mini.

Zuwana na ƙarshe na tafi da mota, don yayana ya ce a waya ko da ƙarfi ne a ɗauko shi. Direban ya tsaya a bakin titi. Na tarar da Baba ya rame, idon sawunsa ya yi suntum, masarar ma maƙwabta ne suka cire masa. Amma ya wanke rigarsa, ya goge bakin mashin da toka yana ta ƙyalli.

Ya daɗe yana naɗa igiyar, don yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Sau biyu tana kwancewa yana sakewa. Ni kuwa ina tsaye ban san abin da nake roƙo ba. Ina so mashin ya faɗa ruwa in tafi da ubana gida, ina kuma jin in ya faɗa ba zan iya kallon fuskarsa ba.

Bai yi gudun da ya saba ba, taku kaɗan ya yi, ya ce bismillahi ya wurga. Mashin ya tashi yana juyawa, ya bi ta saman ruwan, ya cake a tsallake cikin gamba, sandar tana rawa. Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Ya juyo ya dube ni, bakinsa har kunne, ya ce, "Uwata, je ki sallami mai motarki."

Sai ya sunkuya ya naɗe wando, ya nufi rafin. Gangaren ba wani babba ba ne, yara ma da gudu suke sauka. Ya sauka da baya, yana riƙe saiwoyi. Da ya isa bakin ruwan ya sa ƙafa ɗaya, ruwan ko gwiwa bai kai ba, amma na ga ƙafar tana karkarwa a kan dutse. Ya janye ta, ya gwada ɗayar, ita ma ya janye. Ya tsaya yana kallon tsallake. Daga nan sai ya zauna a kan yashi.

Na tuɓe takalmi na sauka. Na ce, "Baba, bari in ɗauko maka. Ba wanda zai gani."

Ya riƙe bakin zanena, bai ɗago ba. Ya ce, "Bar shi."

Muka zauna a nan, ruwan yana wucewa. Na yi kuka, shi bai yi ba. Can ya miƙo mini hannu in tashe shi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Da muka hau gangaren ya ce, "Mai motar bai tafi ba ko? Ɗauko mini buta da tabarma. Rumbun a bar wa maƙwabta."

Na samu abin da na yi shekaru ina faɗa a kansa, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. A mota bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Igiyar tana yatsunsa har muka shigo Keffi.

A gidana ya samu gado da fanka da magani a kan lokaci. Da yamma yakan zauna a tsakar gida ya naɗa igiyar a jikin sandar dogarawarsa, ya zura yatsu, ya dubi katangar bulo da ke gabansa, sannan ya warware ta a hankali ya mayar aljihu. Bai taɓa ce mini yana kewar gona ba. Bai ga wata masarar ba, Allah ya jiƙansa.

Bayan an yi arba'in yayana ya ce a aika wani ya nemo mashin, a rataye shi a falo don tunawa. Na ce a'a. Ya ce tsatsa za ta cinye shi a banza. Na ce ta cinye, wanda ya jefa bai ce a ɗauko ba.