Rigar Ruwan Surukina

Na sha wuya a daminar nan. Abin da na fara don jin daɗin raina shi ya zo ya ɗaure ni.

Rigar ruwa nake ɗinkawa da buhun taki. In wanke buhun, in shanya, in bar ledar cikinsa, in ninka bakin sau biyu in bi da basilla. Tawa na fara yi, saboda ruwan da ke dukana a babur in za ni kasuwar Makoɗa. Ni ba tela ba ne. Zaman ne kawai yake min daɗi, a gindin dalbejiya bayan la'asar.

Sai surukina ya gan ni da ita. Washegari matata ta dawo daga gidansu da buhu huɗu a ka, wai ruwa na dukan Baba a hanyar gonarsa ta Watari. Lokacin kuwa noman maimai ya kama, ciyawa ta fara shaƙe min gero.

Awo ne ya gagara. Mutumin da shekara ashirin ban haɗa ido da shi ba, in na hango shi sai in tuɓe takalmi in durƙusa, ta yaya zan zagaya masa igiya a ƙirji? Na ce matata ta aro min tsohuwar rigarsa, ta ce bakinta ba zai iya ba. Sai na auna shi da ido a masallaci, daga sahun baya. Na manta babbar riga yake sawa ran Juma'a, shi kuwa ɗan siriri ne. Kwana uku ina ɗinki, yatsuna duk suka fashe.

Na aika masa rigar, kwananta biyu a can ta dawo a hannun matata.

"Baba ya ce Allah ya yi albarka. A ɗan rage, iska na neman ɗauke shi a babur."

"A rage kamar yaya?"

"Ya ce ai ka sani."

Ban sani ba, kuma ba mai tambayo min. Da yamma na leƙa gona. Maƙwabta duk sun gama maimai, tawa kaɗai ta yi duhu.

Da gari ya waye na saɓa fartanya, na kai har zaure. Na tsaya. Na jingine ta da bango, na ɗauko reza na zauna farke ɗinki.