Zaren Fatsa Mai Taurin Kai

Ni Bakabe ne gaba da baya. A Argungu aka haife ni, kakana masunci ne, da homa da gora ya ciyar da gidansa, amma har na yi ritaya ban taɓa kama kifi ba sai wanda aka riga aka soya. Makaranta ta ɗauke ni tun ina ƙarami, aikin gwamnati ya ƙarasa da ni a Birnin Kebbi. Da asirina ya rufu, in ba don Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da wani Bakatsine a Gwadangaji ba. Ofis ɗaya muka yi da shi, kuma kowa ya san akwai wasa tsakanin Kabawa da Katsinawa. Shi dai ya mai da wasan sana'a. Duk yamma in mun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida sai ya dube ni ya ce, "Sarkin ruwan famfo, yau me aka kamo?"

Ɗana na fari, wanda yake aiki a Legas, ya zo hutu ya ji ana yi wa ubansa wannan cin mutunci. Bayan ya koma sai ga saƙo a tasha: sandar fatsa irin ta zamani mai harhaɗawa, da ɗan injin naɗe zare da ake ɗaurawa a gindinta, da ƙugiyoyi, da kwarkwaron wani zare fari fat kamar ruwa. Ya bugo waya ya ce, "Baba, wannan zaren fulorokabon sunansa. In ya shiga ruwa kifi ba ya ganinsa."

Abin da bai faɗa mini ba shi ne, ni ma ba na ganinsa. Da tabarau biyu na nemo bakin zaren. Na kira uwargida na zura fensir a ramin kwarkwaron na ba ta ta riƙe, ni kuma na zauna a kan turmi ina juya hannun injin. Na ɗura zare har ya cika ya tumbatsa, don a ganina mai yawa ba ya ɓaci. Ina sakin hannu sai zaren ya yi tsalle ya fito zobe-zobe, ya zubo a cinyata kamar taliyar da ba ta ga ruwan zafi ba.

"Alhaji, haka aka yi shi, ko kuwa kai ne?" in ji ta.

Na ce haka aka yi shi. Na mayar da shi da ƙarfin tsiya na ɗaure da kyauron roba. Guntun da na yanke na yar a tsakar gida ya dabaibaye mata zakara, ya wuni yana tafiya kamar wanda ya sha wani abu, ita kuma tana neman mai maganin kaji.

Ranar Asabar, bayan damina ta ɗauke ruwa ya fara ja baya, muka kama hanyar Argungu a tsohuwar motar Bakatsine. Ni ban gayyace shi ba. Cewa ya yi ba zai bari a kafa tarihi ba shaida ba, ya kuma saka babbar riga mai aiki kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka wuce Ambursa, fadama ta yi shar da shinkafa, shi kuwa yana ta lissafa mini mutanen da zai raba wa kifin.

A bakin gulbi muka tarar da ɗan kawuna, ƙanena ne a shekaru, manomin shinkafa mai ɗan jirgin kwale-kwale da yake ƙetarawa gona da shi. Ya juya sandar sama da ƙasa ya ce, "Yaya, wanga abu da batur shika aiki?" Na ce da ilimi yake aiki. Na soka tana a ƙugiya, na gyara tsayuwa yadda na gani a waya, na yi bisimilla, na wurga.

Ƙugiyar ta faɗi kusa da ƙafata. Zaren kuwa bai ji an ce tsaya ba, ya ci gaba da fitowa, ya naɗe kan sanda, ya naɗe injin, ya naɗe maɓallin rigata. Wurin da ya yi sako-sako sai ya murɗe da kansa ya yi tufka, kamar akwai wata mai kitso a ɓoye. Na zauna ina warwarewa, in na kwance nan sai can ya ƙulle. Ga shi da tauri kamar tsirkiyar baka, in ka lanƙwasa shi ba ya mantawa, sai ya riƙe ka a zuci.

Bakatsine ya samu inuwa ya zauna ya harɗe. "Kifin ba ya ganin zaren," in ji shi, "amma kai yana ganinka. Ga su can sun taru." Mata masu wanki a gefe suka daina wanki. Wata tsohuwa a cikinsu ta gane ni, ta ambaci kakana ta ce Allah ya jiƙan maza. Ban san ko addu'a take yi ko zagi ba, na dai ce amin.

Na wurga na biyu, na wurga na uku, kowanne ya fi na baya muni. Har ɗan kawun nawa ya karɓa ya gwada, ya ƙara dagula abin, ya miƙo mini ya ce shi da irin wannan masifa gara ya je korar tsuntsu a gona. Da rana ta fara zafi na haɗiye girman kai na kira ɗana.

Ya yi dariya har sai da na tuna masa wanda ya haife shi. Sannan ya ce laifin tun daga gida ne: irin wannan inji ba a ɗura masa zare da fensir, kwantar da kwarkwaron ake yi a ƙasa, kuma ba a cika shi har baki. Duk juyin da na yi, murɗa na ƙara wa zaren. Ya ce, "Baba, yanke ƙugiyar da komai. Ku shiga jirgi, ka saki zaren tsirara a bayanku ruwa ya ja shi. Ruwan zai warware shi. In za ka naɗe, ka matse shi da yatsu biyu."

Na sanar da mutanena cewa na tuno wata dabara ta kakanni. Bakatsine, wanda ya ji wayar daga farko har ƙarshe, ya ce ashe kakana a Legas yake. Na ce in namiji ne ya shigo jirgin. A nan ne ya fara ja da baya, don mutum ne da ruwan da ya sani bai wuce na buta ba. Amma mata suna kallo, dole ya tattare riga ya shiga, ya zauna a tsakiya ya riƙe gefe da gefe.

Ɗan kawuna ya tuƙa mu muna fuskantar ruwa, ni kuma na yanke wurin da ya cukuikuye na saki sauran a baya. Ba ƙugiya, ba tana, ba komai. Wasu masunta da suka gifta a jirginsu suka tambayi abin da muke kamawa, ɗan kawuna ya ce musu, "Ba mu kamun komi, zaren Yaya muka yi ma wanka." Suka ce Allah shi ba da lafiya, da irin muryar da ake gaida mai jinya.

Abin mamaki, dabarar ta ci. Ina jin zaren a yatsuna yana karkarwa yana juyi, har ya daina. Na naɗe shi a hankali, ya kwanta luf a kan injin kamar ba shi ne ya tozarta ni ba. Na rage yawansa, na ɗaura ɗan ƙarfe mai juyawa da na gani cikin kayan na ɗauka ado ne, ashe shi yake hana murɗewa, sannan na ɗaura ƙugiya. Na wurga, ta tafi can nesa ta faɗa gindin wata ciyawa, tsulum. Na juya in ga fuskar Bakatsine, na tarar idonsa a rufe yana salati.

Mun jima muna jira. Can sai sandar ta rusuna kamar mai gaida sarki, injin ya fara ƙara, zare yana fita. Ɗana ya riga ya gargaɗe ni a waya cewa in kifi yana jan zare kada in juya hannun injin, don hakan ma murɗa ce. Na tuna da wannan gargaɗi sarai, na kuma juya da iyakar ƙarfina. Wa zai ga kifinsa na farko yana gudu ya tsaya bin doka?

Tarwaɗa ce, baƙa, mai kai kamar faranti, tsawonta ya kai hannuna. Da ta iso gefen jirgi muka tuna ba mu da abin ɗebo ta. Ɗan kawuna yana riƙe da filafili, ni ina riƙe da sanda, zaren ya sake tufkewa har injin ya ƙi juyawa. Na daka wa Bakatsine tsawa na ce ya yi wani abu. Mutumin nan ya buɗe ido, ya ga kifi, tsoro ya bar shi. Ya zura hannun babbar rigarsa a ruwa ya kwaso ta ya rungume. Jirgi ya karkata, ruwa ya shigo, tarwaɗa tana dukansa da wutsiya a gemu, shi kuma yana ihu, "Na kama! Wallahi na kama!"

Muka fito gaɓa jiƙe sharkaf. Tsohuwar nan ta zo ta duba kifin, ta dubi rigar da ta koma kalar laka, ta ce a iya zamanta ba ta taɓa ganin an yi su da aska takwas ba. Ɗan kawuna ya kai mu gidansa, matarsa ta yi mana farfesu mai yaji, aka shanya rigar a kan danga. Bakatsine ya ci abinci cikin aron zane, ya kuma ɗauki kan kifin ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

A hanyar komawa gardama ta kaure. Ni na ce ƙugiyata ce a bakinta, shi ya ce wanda ya taɓa kifi da hannu shi ne masunci, sauran duk 'yan rakiya ne. Muna shiga unguwa ana fitowa sallar la'asar, bai ko kashe mota ba ya leƙo ta taga ya fara ba mutane labari. Kafin in buɗe ƙofa in fito, tarwaɗar ta kai tsawon mutum, ta kuma ciji ɗan kawuna.