Ƙafar da Ta Kasa Tayar da Babur

Ta tagar shagon shayinta Nerys take kallon wani tsoho da ba ta sani ba. Sauran masu tsofaffin baburan da suka taru a gaban shagon duk sun watse, nasa ya ƙi tashi. Rigar fatarsa ta yi masa yawa, tun yana da kafaɗu ya saye ta. Yana ɗora ƙafa a kan kik, ƙarfen tayar da babur, ya saki duk nauyinsa, babur ya yi tari ya mutu. Gwiwarsa sai rawa take yi.

Wani direban babbar mota ya matso. "Kawo in buga maka, dattijo, kafin ƙafar ta cire."

"Kada ka taɓa," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Tana kallo."

Sai yanzu Nerys ta lura da wata mata zaune cikin wata ƙaramar mota a gefe, mai irin hancinsa sak. 'Yarsa ce, da alama. Wataƙila sharaɗi ta kafa masa: ranar da ya kasa tayar da babur ɗin da ƙafarsa, ranar za a sayar da shi.

Tsohon yana shafa tankin kamar mai lallashin mara lafiya. "Haba mutumina, yau kaɗai."

Ya sake ɗora ƙafar. Matar ta buɗe ƙofar mota.