Hoton Ƙirjin Inna

Shekarar da na fara aiki a ɗakin karatu na wata makaranta a Gaya, ciwon tsara kaya ya kama ni. An koya mini raba kayan ji da gani gida-gida: kaset na saurare ne, hoto da taswira na kallo, faifan bidiyo kuwa ya haɗa duka biyun. Duk abin da ya shigo hannuna sai na nema masa aji.

Da na je gida Gafasa hutu, sai na far wa akwatin Inna, mahaifiyata. Kaset ɗin wa'azi gefe guda, hotunan biki gefe guda. A can ƙasa na tarar da hoton ƙirjinta na asibiti, baƙi, ba ambulan. Na ce ai ta warke, na jefa shi cikin tarkace. Har yabon kaina na yi.

Bayan shekara biyu tarin da Inna ta yi fama da shi a da ya dawo. Likita ya ɗaga sabon hoto, ya nuna mini wani tabo a huhun hagu. Ya ce, "Ki kawo tsohon mu kwatanta. In da ma yana nan, tabon tsohon ciwo ne. In kuwa sabo ne, wata magana ce."

Na koma gida na birkice ɗaki har ƙarƙashin gado, Inna tana zaune tana kallona. Sai yayana, mai tuƙa a-daidaita-sahu, ya shigo ya tambayi abin da nake nema.

"Au, wannan? Ba ke kika zubar ba?"

Ya je ya zaro shi daga ƙarƙashin kujerar kekensa. Ashe mai fenti ya kai wa, aka yanka haruffa a jiki da reza, aka fesa rubutu a bayan keken. Na ɗaga shi saitin rana. Ga haƙarƙarin Inna, ga jan fenti, ga haske yana shigowa ta ramukan haruffa: ALBARKAR UWA. Daidai inda likita ya ɗora yatsa kuwa, reza ta cinye wurin.

Na yi salati, na zauna daɓas a ƙasa. Inna ba ta karatun boko. Ta karɓi hoton, ta juya shi, ta dube ni.

"'Yar nan, me likitan ya rubuta a nan? Ya ce zan tashi?"